Ƙuri'a da aljihu: shiga zaɓen rabin wa'adi a Amurka da sanin inda kuɗin cefane ke zuwa

[Hoto: dogon layi a ƙofar wata makaranta da sassafe, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi]

Jama'a, assalamu alaikum. A Nuwamban 2022, mutum sama da miliyan biyu da rabi suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen babban lauyan jihar Arizona. Aka ƙidaya, aka sake ƙidayawa, sai ga shi tazarar da Kris Mayes ta ba abokin takararta ƙuri'a 280 ce kacal. Wani masallacin Juma'ar ma yakan tara fiye da haka a rana ɗaya. Wannan kujera kuwa, mai ita ne ke shigar da ƙara da sunan jiha baki ɗaya, har a kan kamfanin da ya cuci masu saye.

Irin wannan zaɓe shi ake kira zaɓen rabin wa'adi, domin yana zuwa ne bayan shugaban ƙasa ya ci shekara biyu cikin huɗunsa. Ranarsa ita ce Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba. Na 2022 ya faɗo 8 ga wata, na 2026 kuma 3 ga wata. Babu sunan shugaban ƙasa a takardar, shi ya sa mutane da yawa ke zama a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 kusan kashi 66 cikin ɗari na waɗanda suka cancanta sun fito. A rabin wa'adin 2014 kuwa kusan kashi 37 ne, rabon da a ga ƙarancin fitowa irin wannan tun 1942. A 2018 ya haura zuwa kusan kashi 50, a 2022 ya sauko kusan 46. Ke nan ko a shekarar da aka yi ƙoƙari, rabin masu haƙƙin zaɓe sun bar wa sauran rabin su yanke musu hukunci.

To me ake zaɓa? Dukan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kusan kashi ɗaya cikin uku na kujeru 100 na Majalisar Dattawa, da gwamnoni a jihohi 36. Ƙasa da su akwai 'yan majalisun jihohi, a wurare da yawa har da alƙalai, da mai gabatar da ƙara na gunduma, da hukumar makarantun da 'ya'yanku ke zuwa. Majalisa ce ke riƙe da lalitar gwamnati, ita ke tsara haraji, ita ke rubuta dokar shige da fice. Cacar biza da ta kai 'yan Ghana da 'yan Nijar da yawa Amurka, dokar majalisa ce ta 1990 ta ƙirƙiro ta. Alƙalin Kotun Ƙoli ba ya hawa kujera sai Majalisar Dattawa ta amince. Kuma wannan zaɓe yakan juya akalar mulki: jam'iyyar Shugaba Obama ta rasa kujeru 63 a Majalisar Wakilai a 2010, ta Shugaba Trump ta rasa kusan 40 a 2018. A irinsa ne kuma Keith Ellison ya zama Musulmi na farko a majalisar tarayya a 2006, Ilhan Omar da Rashida Tlaib suka zama mata Musulmi na farko a 2018.

Akwai wani ɓangare da ba a cika kula da shi ba, wato ƙuri'ar raba gardama, inda ake tambayar jama'a kai tsaye: a yi doka kaza ko kada a yi? Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009. Amma a 2018 mutanen Misuri suka ɗaga nasu da hannunsu zuwa dala 12 daki-daki, a 2022 mutanen Nebraska suka amince da dala 15. Duk mai aikin awa ya san abin da wannan bambanci ke nufi a ƙarshen mako.

[Hoto: katin zama na dindindin a gefe, takardar shaidar zama ɗan ƙasa a ɗaya gefen]

Kafin komai, ga gargaɗin da ya fi duk abin da za a faɗa a wannan bidiyo nauyi. Ɗan ƙasa ne kaɗai ke zaɓen tarayya a Amurka: wanda aka haifa ɗan ƙasa, ko wanda ya riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, kuma ya cika shekara 18 a ranar zaɓe. Mai katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, ba ya zaɓe, ko da ya shekara talatin yana biyan haraji. In ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a, laifi ne da zai iya jawo a kore shi daga ƙasar, ya kuma toshe masa hanyar zama ɗan ƙasa. Yawanci ba da gangan ake faɗawa ba. Tun dokar 1993, ofishin lasisin tuƙi na ba mutane damar rajistar zaɓe a nan take. Ma'aikaci ya tambaya cikin sauri, ko tambayar ta fito a allo, mutum bai gane ba ya danna e don a sallame shi. Shekaru su wuce, ranar da ya je ganawar neman zama ɗan ƙasa sai a ɗauko maganar. Don Allah, in ba ku yi rantsuwa ba, amsar wannan tambaya a'a ce. Wanda kuma ya gano sunansa ya shiga rajista bisa kuskure, ya ga lauyan shige da fice kafin ya taɓa komai.

Wanda ya cancanta, matakin farko rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace jiha da ƙa'idarta: Tekzas na rufe rajista kwana 30 kafin zaɓe, Jojiya ma kusan wata guda, Niyok kwana 10. A Minesota ana iya yi a rumfar zaɓe ranar zaɓen, muddin an zo da shaidar inda ake zaune. Dakota ta Arewa ce kaɗai ba ta buƙatar rajista. A shiga vote.gov, a zaɓi jiha, zai kai mutum shafin hukumar zaɓen jiharsa. Za a nemi lambar lasisin tuƙi ko lambobi huɗu na ƙarshe na lambar soshal sikyuriti, wato lambar da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji.

A nan sunayenmu ke jawo tangarɗa. Fasfo ya ce Muhammad, lasisi ya ce Mohammed. Wata takarda ta sa sunan uba a tsakiya, wata ta mayar da shi sunan iyali. Abdul Rahman a rarrabe, Abdulrahman a haɗe. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta ajiye rajistar a gefe tana jiran ƙarin shaida. A rubuta suna harafi da harafi yadda yake a lasisi, sannan bayan mako biyu a koma shafin a tabbatar sunan ya hau. Wanda ya sake gida, ko da titi biyu ne tsakani, ya sabunta adireshi, don rumfarsa tana iya canjawa. Wanda ya daɗe bai yi zaɓe ba shi ma ya duba, wasu jihohi na cire suna in sun aika wasiƙa ba a amsa ba kuma aka tsallake zaɓuka a jere.

Kada kuma a jira Nuwamba kawai. Tsakanin Maris da Satumba jam'iyyu ke zaɓen fid da gwani, kuma a mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, a nan ake gama magana. A 2018, a mazaɓar da ta haɗa wani sashe na Bronks da Kwins a birnin Niyok, Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley, wanda ya kusa shekara ashirin a majalisa, a zaɓen da duka ƙuri'un ba su kai 30,000 ba. A Niyok sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ke shiga fid da gwaninta, don haka a lura da wannan gurbi a fom.

Hanyar kaɗa ƙuri'a uku ce: zaɓen wuri, ta gidan waya, ko ranar zaɓen. Direban tasi, da mai kula da tsofaffi a gida, da mai aikin dare, zaɓen wuri ya fi muku sauƙi. Niyok na buɗe rumfuna na tsawon kwana tara kafin ranar, har da Asabar da Lahadi, Jojiya kusan mako uku. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai aiki ya ba da hutun zaɓe, sai dai wasu jihohi irin su Kalifoniya da Niyok na ba da har awa biyu da albashi ga wanda lokacin aikinsa ya hana shi, bisa sharaɗin ya sanar tun da wuri.

Ƙuri'ar gidan waya tana da daɗi, amma ita ce aka fi watsarwa, kuma dalilan ƙanana ne. An manta sa hannu a bayan ambulan. An sa hannu, amma bai yi kama da na lasisi ba. Ta iso bayan wa'adi. A Fensilbaniya ambulan biyu ne, dole takardar ta shiga ƙaramin kafin a sa shi cikin babban, in aka tsallake ba za a ƙidaya ba. A Wiskonsin sai shaida ya sa hannu ya rubuta adireshinsa. A aika da ita aƙalla mako guda kafin wa'adi, ko a kai ofishin zaɓe da hannu. Jihohi da yawa na da shafin bin diddigin ambulan, wasu ma na ba da 'yan kwanaki a gyara sa hannu. Ɗan ƙasar Amurka da ke zaune a Kano ko Yamai ko Kumasi shi ma yana da haƙƙi: ya cika fom a fvap.gov, doka ta ce jiha ta aika masa takardarsa kwana 45 kafin zaɓe in ya nema a kan lokaci.

[Hoto: hannu na cike ƙaramin da'ira da baƙin biro, sannan ya juya takardar]

Ranar zaɓe a tafi rumfar da aka ware wa adireshinku. Jojiya da Tekzas da Ohayo na neman katin shaida mai hoto. Niyok da Kalifoniya galibi ba sa nema, sai ga sabon mai zaɓe da ba a tantance lambarsa ba. A riƙe katin dai, ba ya nauyi. A cike da'irar gaba ɗaya, kada a yi alamar maki a gefe. In an ce zaɓi ɗaya aka cike biyu, ƙuri'ar wannan kujera ta lalace, don haka wanda ya yi kuskure ya nemi sabuwar takarda kafin ya sa a na'ura. Barin wani gurbi babu komai ba ya ɓata sauran. A juya takardar, a Niyok tambayoyin raba gardama a baya suke. In an ce ba a ga suna ba, kada a juya a tafi: a tambaya ko rumfar ce ba daidai ba, in ita ce a nemi takardar wucin gadi, dokar tarayya ta 2002 ta ba da wannan haƙƙi. Wanda yake cikin layi lokacin da aka rufe, ya tsaya, sai ya kaɗa. Hajiya da ba ta karanta Turanci ba za ta samu takarda da Hausa ba, amma sashe na 208 na Dokar 'Yancin Zaɓe ya ba ta damar shiga da wanda ta zaɓa ya karanta mata, ɗanta ko maƙwabciyarta, ban da mai gidan aikinta ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonta. In abu ya cije, akwai layin lauyoyin sa kai, 866-687-8683.

Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya ɗauka babu nasa a ciki. Yana iya kai mutane rumfa a motarsa, ya riƙe wa maƙwabciya yara, ya yi wa ɗan takara aikin sa kai ba biya. Mai girin kad har gudummawar kuɗi doka ta yarje masa. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa haramun ne ya ba da ko dala ɗaya.

[Hoto: keken cefane a babban kanti]

Sai kuma abin da kowa ke da shi, da takarda ko babu: aljihu. Za ku ji ana cewa duk sayayya ƙuri'a ce. Akwai gaskiya a ciki, amma a yi hattara, domin a rumfa attajiri da ɗan dako ƙuri'a ɗai-ɗai gare su, a kanti kuwa mai kuɗi ya fi murya. Duk da haka kuɗin cefane na da alaƙa da siyasa. Tun 1907 doka ta hana kamfani ba ɗan takarar tarayya kuɗi kai tsaye daga asusunsa. Sai kamfanoni suka riƙa kafa kwamitin siyasa da manyan ma'aikata da masu hannun jari ke zuba wa kuɗi, kwamitin na iya ba ɗan takara har dala 5,000 a kowane zaɓe. A 2010 Kotun Ƙoli, a shari'ar Citizens United, ta buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ƙofar kashe ko nawa ne a talla, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, an san sauran.

Ana iya bin sawun wani ɓangare na kuɗin. A shiga fec.gov, shafin hukumar zaɓe ta tarayya, a rubuta sunan kamfani, kwamitinsa zai fito da jerin waɗanda ya ba. Duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200, sunansa da wurin aikinsa na nan a rubuce. Shafin OpenSecrets ya fi sauƙin karatu, sai dai a nan ake yawan kuskure: jimlar da ke gaban sunan kamfani ta haɗa kuɗin kwamitin da na ɗaiɗaikun ma'aikata da suka bayar daga aljihunsu. A raba su kafin a yanke hukunci. Za ku kuma ga kwamitoci da yawa na ba jam'iyyun biyu. Wani kuɗin kuma ba ya fitowa ko kaɗan, don yana bi ta ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su ba. Saboda haka jerin sunayen da ke yawo a WhatsApp, wai a ƙaurace wa kamfani kaza, a duba shi da ido kafin a tura wa wani.

Ƙauracewa tana aiki, amma da sharaɗi. A Mantagomari ta jihar Alabama, baƙaƙen fata sun daina hawa bas daga 5 ga Disamban 1955 har kwana 381. Su ne mafi yawan fasinjoji, suna da buƙatu a rubuce, kuma sun tanadi madadi: motocin kansu wajen 300 na jigilar mutane bisa tsari, wasu na taka sayyada mil da yawa zuwa aiki. Duk da haka, hukuncin Kotun Ƙoli ne ya kawo ƙarshen wariyar kujeru. A Imokali ta Fulorida, a farkon shekarun 2000, masu tsinkar tumatir na cika bokiti mai nauyin fam 32, kusan kilo 14 da rabi, a biya su abin da bai kai santi 50 ba. A 2001 suka kira a ƙaurace wa Taco Bell, kamfanin gidajen abinci da ke sayen tumatirin, da babbar buƙata ɗaya: a ƙara santi ɗaya a kowane fam, ya isa hannun mai tsinka. Kamfanin ya amince a 2005, McDonald's ya bi a 2007, Walmart a 2014. Kamfani ɗaya, buƙata ɗaya da za a iya aunawa, da juriya ta shekara huɗu. Fushin mako biyu ba ya haifar da haka.

In za ku daina sayen wani abu, ku rubuta wa kamfanin dalili, in ba haka ba raguwar ciniki ba ta gaya masa komai. Ku duba wane ne uban gidan sabon da za ku koma, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Misali kantin Whole Foods mallakar Amazon ne tun 2017. Ku kuma tuna shagunan abinci da yawa haya ce ta suna, mai shagon ɗan unguwa ne, shi da yaransa ke fara jin jiki.

[Hoto: bayan kwalin cakulan, kyamara ta matso kan tambari]

A kan kwali, kalmomi irin su na halitta ko mai kare muhalli ba su da ma'aunin da ya shafi haƙƙin ma'aikaci. Tambarin USDA Organic, na ma'aikatar noma ta Amurka, yana magana ne a kan taki da maganin ƙwari, bai ce komai game da albashi ba. Tambarin Fairtrade shi ne ke da mafi ƙarancin farashi da ƙarin kuɗi ga ƙungiyar manoma. A 2019 an sa na koko dala 2,400 a tan da ƙarin dala 240. Wannan ya shafe mu kusa, don wajen rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, kuma binciken cibiyar NORC ta Jami'ar Shikago na 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 na aikin da bai dace da shekarunsu ba a yankunan kokon ƙasashen biyu. Tambari bai kawar da matsalar ba, ana ma cakuɗa kokon mai tambari da marar tambari a masana'anta, amma ya fi kwalin da bai faɗi inda ya samo ba. Man shafawar da ya rubuta man kaɗe da manyan baƙaƙe, a juya bayansa: ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, in Butyrospermum parkii, wato sunan kaɗe a kimiyyance, yana can ƙarshen layi, kaɗen ɗan ɗigo ne, matan da ke tsintar kaɗanya ba su amfana da wannan tallar ba.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya ɗora wa kansa laifi don ya sayi mai araha. Ya zaɓi abu biyu ko uku da yake saye kullum, kamar shayi ko cakulan ko sutura, ya bincike su sosai. Sayen gwanjo da sa riga har ta tsufa ba sa buƙatar ƙarin ko sisi.

Akwai kuma abin da idon mai saye ba zai taɓa gani ba, kamar inda aka noma audugar rigar da ke hannunsa. A Disamban 2021 majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta ce duk kayan da suka fito daga yankin Shinjiyan na Sin za a ɗauke su a matsayin na aikin tilas, a tsare su a tashar jiragen ruwa, sai mai shigo da su ya kawo hujjar akasin haka. Ta fara aiki a Yunin 2022. Masu rubuta irin wannan doka, da masu ware wa kwastan kuɗin aiwatar da ita, su ne sunayen da ke kan takardar Nuwamba. Makonni kafin zaɓe hukumar zaɓen gunduma kan sa samfurin takardar a shafinta. Ku sauke shi, ku duba yadda ɗan majalisarku ya kaɗa ƙuri'a a congress.gov, ku rubuta zaɓinku a 'yar takarda ku shiga da ita rumfa, don wasu jihohi sun hana amfani da waya a ciki.